Gishiri ko fomalin ga tsutsar jikin tarwaɗa?

Wa alaikumus salam ƙanena. Tunda ka ce kifayen na goga jiki da bangon tanki, sun rage ci, ga farin yauƙi a bayansu, to gishiri za ka saya, ka bar fomalin, wato ruwan maganin nan da ake adana gawa da shi, inda yake.

Abin da ke damunsu galibi wata 'yar tsutsa ce shimfiɗaɗɗiya, ido ba ya ganinta sai da madubin likita. Tana da ƙugiyoyi da take maƙale fata da su. Iri biyu ne: wadda ke zama a fata haihuwa take yi, wadda ke shiga gefen kai wurin numfashi kuma ƙwai take sakawa. Riƙe wannan, don ƙwan ba ya jin magani.

Shekarar da na fara kiwo a garinmu, kusa da Auyo, na ɗauko 'ya'ya 500, kafin sati biyu suka fara tsayuwa a saman ruwa kai sama wutsiya ƙasa. Wani dattijo masunci da ya tsufa a kogin Haɗejia, Allah ya jiƙansa, ya leƙa tankin ya ce a kawo masa gishiri mai tsakuwa da babbar roba. Kilo 1 ya narkar a lita 100, muka riƙa tsoma su rukuni-rukuni, kusan minti 30, yana tsugune bai ɗaga ido ba. Wanda ya fara kifewa sai ya tsame shi ya mayar ruwa mai daɗi. Washegari suka taso wa abinci da gudu. Ya ce in maimaita bayan kwana 3 ko 4, sannan in ƙara na uku, saboda waɗanda za su ƙyanƙyashe. Guda 11 kacal na rasa. Kafin su koma mun wanke tankin mun bar shi ya sha rana, ragar kamu ma ta sha ruwan gishiri, don ita ce ke kai cutar daga tanki zuwa tanki.

Fomalin yana kashe ta, ban musa ba, amma yana cinye iskar da ke cikin ruwa, kuma da zafin Afrilu ya fi dafi. Sau ɗaya na gwada, na wayi gari ina kwasar matattu da bokiti. Ruwan adana gawa ne fa, ba abin ajewa inda yara ke wasa ba.

Sai kuma abin da ba ka tambaya ba. Ka kiyayi masu yawo a babur da kwalabe ba takarda, suna cewa maganin kifi ne daga waje. Wani fomalin ne aka sirka da ruwa, ba ka san ƙarfinsa ba balle ka auna. In ka ga farin gari ya kwanta a gindin kwalbar, guba ce tsantsa ga kifi. Haka masu sayar da 'ya'ya: wasu tsumburarru suke tattarowa su ce sababbin ƙyanƙyasa ne, kuma da su tsutsar ke shigowa gida. Duk wanda ka sayo, ware shi a roba daban sati 2, ka yi masa wankan gishiri kafin ya haɗu da na gida. In ka yi wa kifayen wanka uku ba sauyi, ɗauki guda biyu masu rai ka kai wa malamin dabbobi ya duba. Allah ya sa albarka a kiwon.