Kantin kwanar layinmu a Filadelfiya: kifinsu na da daɗi, amma ba gidan abinci ba ne

Shekarata huɗu ina wucewa ta gaban wannan kanti da ke kwanar layinmu, kusa da titin Woodland, kuma na ci kifinsu ya fi a ƙirga. Zan fara da abin yabo, don akwai shi. Tsohuwar da ke kula da wurin, wadda kowa ke kira Mama, tana soya kifin ne sai ka biya, ba ta ɗumama na jiya. Yanka biyu ne manya a cikin burodi, da yaji a gefe, dala 7. Ranar farko na tambaye ta ko man da take soya naman alade ne take soya kifi da shi. Ba ta ɓata rai ba, ta kauce gefe ta nuna mini tukwane biyu daban ta bayan gilashi. Tun daga ranar na yarda da ita.

Sai dai idan ka karɓi kifinka, ba inda za ka zauna. A dokar Fensilbeniya, jihar Amurka da Filadelfiya take ciki, kanti irin wannan yana samun lasisin giya ne a matsayin wurin cin abinci, da sharaɗin wurin zama na mutum 30. Na ga kujerun da idona: a naɗe suke, an jingine su bayan firij an zagaye su da sarƙa, ƙura ta yi musu fari. Banɗakin kuwa kullum a kulle. Abin da ke tafiya da kantin shi ne firjin nan da ke cike da gwangwanayen giya, domin lasisin ya ba shi damar sayar wa mutum har oza 192 a ciniki ɗaya ya tafi da ita, wato ƙananan gwangwanaye 16. Da yawa ba sa tafiya ko'ina. Nan bakin ƙofa suke buɗewa, kuma lungun bayan gidajenmu ne banɗakinsu.

Abin da ya fi ci mini rai ke nan. Ƙarfe bakwai da rabi na safe nake raka 'yata makaranta, ga fasassun kwalabe a gefen titi, ga zarni. Wata safiya ta matse hannuna ta ce, "Baba, mu tsallaka can." Tun daga nan muke zagayawa ta ɗaya layin.

Na kai maganar taron unguwa, a can na fahimci inda gizo ke saƙar. Lasisin giya ba na birni ba ne. Hukumar kula da giya ta jiha da ke Harrisburg, babban birnin jihar, wadda aka kafa a 1933, ita ke bayarwa, wani sashe na 'yan sandan jiha kuma ke bin masu karya doka. Birni yana da ta cewa a kan tsafta da gini da abinci. A 2005 wata dokar jiha ta ba majalisar birni damar amincewa ko hana izinin sayar da giyar da za a fita da ita, masu kantuna suka garzaya kotu, tsarin bai ɗore ba. A Disambar 2017 majalisar birnin ta amince da ƙudirin 'yar majalisa Cindy Bass kan irin waɗannan wurare, aka yi ta cacar baki kan batun cire gilashin kariya da ke tsakanin mai kanti da mai saye. A nan ina bayan Mama. Mace mai shekarunta da ke riƙe da kuɗi har dare tana da hujjar tsoro. Gilashin bai taɓa damuna ba. Abin da nake so shi ne mu da muke kwana a layin a tambaye mu kafin a sabunta lasisi, domin wakilin unguwarmu a majalisar birni ya san kwanar nan, muna kuma iya tarar sa a masallaci ko coci mu faɗa masa.

Na faɗa wa Mama haka kai tsaye, na ce ta buɗe banɗakin ko da rana ce, ta kwance kujeru ko goma ne. Ta ce za ta gaya wa ɗanta, shi ne mai lasisin. Wata uku ke nan, sarƙar tana nan.

In kifi kake so, je tsakanin azahar da la'asar, lokacin wurin shiru ne kuma man sabo ne. Ka ce ta ƙara yaji. Bayan magariba kada ka je da yara.