Zaman Yara Marayu a Wata Cibiyar Ba da Shawara a Kano

Bayan rasuwar yayana, ɗansa mai shekara 6 ya riƙa zama a soro kowace magariba yana jiran ƙarar babur ɗin mahaifinsa, domin ranar jana'iza mata sun gaya masa cewa Baba ya yi tafiya. Da aka yi sadakar arba'in yaron bai daina jira ba, sai na kai shi wata cibiyar ba da shawara da ke tara yaran da suka rasa iyaye kowace Asabar, muka yi makonni shida muna zuwa.

Malamar da ke jagorantar zaman ni ta fara gyarawa tukuna. Ta ce: "Malam, yaro mai wannan shekarun bai gama fahimtar cewa mutuwa ba ta da dawowa ba, don haka duk wanda ya ce masa tafiya aka yi, jira ya ɗora masa." A gabana ta zaunar da shi a tabarma, ta gaya masa cikin taushin murya cewa Allah Ya karɓi ran Baba, ba zai dawo gida ba, kuma ba laifin kowa ba ne. Ya yi kuka sosai, ita kuwa ba ta ce masa ya yi shiru ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda take ɗauko darasi daga tarihin da yaran suka riga suka ji a Islamiyya. Ta ba su labarin Annabi (SAW), wanda mahaifinsa ya rasu kafin haihuwarsa, mahaifiyarsa Amina ta rasu a Abwa yana ɗan shekara 6, kakansa Abdulmuɗallib ya bi bayanta yana da 8. Ta kuma tuna musu cewa ya zubar da hawaye a rasuwar ɗansa Ibrahim. Da yaronmu ya ji haka ya ɗago kai ya ce: "Baffa, ashe shekarunmu ɗaya." Tun daga ranar yake yi wa mahaifinsa addu'a bayan sallar magariba.

Ƙorafina guda ne, kuma babba. Mahaifiyar yaron tana takaba ta wata huɗu da kwana goma, ba ta sami halartar ko zama ɗaya ba, cibiyar kuma ba ta da tsarin zuwa gida, alhali ita ce ke kwana da tambayoyinsa cikin dare. Kuɗin zaman ma zai yi wa gidan da ya rasa mai ciyarwa nauyi. Duk da haka na riga na ba maƙwabcinmu da aka yi wa rasuwa kwatancen wurin, na kuma roƙi malamar ta riƙa kiran iyaye mata ta waya.