Baƙin wuyan yaro mai ƙiba: rashin jin insulin ne ko metabolik sindirom?

Hajiya na ga tambayarki, kin ce yaronki ɗan shekara 12 yana da jiki sosai, bayan wuyansa ya yi baƙi kina ta dirza da soso da sabulun salo ya ƙi fita, likita ya ce jikinsa baya jin insulin, a kati kuma an rubuta metabolik sindirom, alhali sukarinsa ya fito lafiya lau. To abu biyu ne, amma ɗaya ne yake janyo ɗaya.

Rashin jin insulin shine tushen. Insulin ɗin nan fankiriyas ce ke fitar da shi, tana nan bayan tumbi, aikinsa ya sa tsoka ta kwashe sukari daga jini, ya kuma hana hanta zuba ƙari. In kitse ya taru a ciki sai jiki ya zama mai kunnen ƙashi, kira ɗaya baya ji sai an ɗaga murya, ita kuwa fankiriyas sai tai ta ƙaro insulin, shi yasa sukari zai iya zama daidai shekaru ana ta murna alhali ita tana can tana wahala. Yawan insulin ɗin ne ke sa fatar wuya da hammata tai kauri tai baƙi, in kin shafa kamar karammiski. Ba dauɗa bace wlh, ki ajiye soson nan, kar kuma a kai ga man bilicin. Shekarun balaga ma da kansu suna ƙara abin, shi kuma yanzu yake shigarsu.

Shi kuwa metabolik sindirom ba cuta ɗaya bace, suna ne da ake ba taron matsaloli in sun haɗu a jiki ɗaya, lissafi ake yi. Ma'aunin da ƙungiyar ciwon suga ta duniya IDF ta fitar a 2007 na yara masu shekara 10 zuwa ƙasa da 16: dole ƙugu ya wuce kima a shekarunsa, sannan biyu cikin huɗu, kitsen jini na tiraigiliserid 150 ko sama, kolestarol mai kyau ƙasa da 40, awon hawan jini lambar sama 130 ko fiye ko kuma lambar ƙasa 85 ko fiye, sukari kafin karyawa 100 ko fiye. Ɗan ƙasa da shekara 10 ba a laƙaba masa sunan ma.

Kinga kenan na farko ana iya hango shi a wuya tun takarda bata nuna komai ba, na biyu sai an ɗebi jini an auna hawan jini a hannu. Yaro zai iya samun na farko babu na biyu, amma da wuya ki ga na biyu babu na farko a ƙarƙashinsa. Ni dai da zan koma asibiti sai na ce a nuna min waɗanne biyun ne suka fito, tunda sukari baya ciki.

A gida ki samu igiya ki auna tsawonsa, ki ninka biyu ki zagaya masa daidai cibiya, in ta ƙi haɗuwa ƙugun ya wuce rabin tsawo. Lemon kwalba ɗaya na 35cl akwai sukari wajen cokalin shayi 9, har zoɓo da kunun ayar da ake ɗurawa suga duk layi ɗaya ne, a fara da daina su, kuma gidan gaba ɗaya, ba shi kaɗai zaki hana ƙannensa na sha a gabansa ba. Ki bar shi ya fita ƙwallo ko keke awa ɗaya kullum bayan Islamiyya.