AdwCleaner: abin da take sharewa da abin da ba za ta iya ba

Gyaran kwamfuta nake yi a Zariya, kuma yawancin laftof ɗin da ake kawo min da kukan "ta yi nauyi" lafiyar injinsu ƙalau. Tarkacen talla ne ya cika su. Idan na ga haka, AdwCleaner, wata 'yar manhajar share irin wannan tarkace, nake fara ɗaukowa, kullum tana cikin filashina.

Kyauta ce. Wasu matasa 'yan Faransa ne suka ƙirƙiro ta, kamfanin Malwarebytes na Amurka ya saye ta a 2016. Ba sai an girka ta ba, kuma ba ta cin data sosai. Ka buɗe, ka danna Scan Now, cikin 'yan mintuna ta jero maka abin da ta gano. Abin da ya fi burge ni shi ne ba ta gogewa kai tsaye. Killacewa take yi a Quarantine, ta yadda in ta haɗa da wani abu mai amfani za ka iya dawo da shi.

Kwanaki wani ɗalibi mai rubuta furojet ya kawo laftof ɗinsa. Da ka buɗe Chrome sai wani shafin bincike da ba a san asalinsa ba ya fito a madadin Google, ga kuma saƙonni suna ta ɓullowa a kusurwar dama ta ƙasa, wai an gano cuta, a danna nan a biya. Na ce, "Malam, me ka sauke kwanan nan?" Ya ce, "Wallahi oga ba komai, sai wata 'yar manhajar mayar da PDF zuwa Word." To ita ce ta zo da 'yan rakiya. AdwCleaner ta kwashe su, bayan an kashe an kunna shafin bogin ya ɓace. Saƙonnin kusurwa kuwa sai da na shiga saitin Chrome na toshe su da hannu, domin shi da kansa ya danna Allow lokacin da wani shafi ya nemi izinin turo masa sanarwa.

A san iyakarta. Ba ta gadi, sai ka kira ta take aiki, don haka kada a kashe Microsoft Defender, kariyar da ke zuwa da Windows, saboda ita. Ta Windows ce kawai, babu ta waya. Tana kuma nuna manhajojin da kamfani ya sako a laftof tun daga masana'anta. A nan ina bi a hankali, don wasu su ke kula da batir ko maɓallan haske da sauti. In kuwa manhajar leƙen asiri ce ta shiga, sharewa ba ta dawo da abin da aka riga aka sace. Dole a canza kalmar sirrin imel da ta banki, kuma daga wata na'urar daban.

Ba na ɗora wa mai kwamfuta laifin duka. Masu haɗa waɗannan abubuwa da gangan suke ƙawata Accept, su dusashe Decline. Ba ƙananan shafuka kaɗai ba ma: manhajar Java ta yi shekaru tana zuwa da Ask Toolbar, wani ƙarin da ke maƙalewa a manhajar shiga intanet; SourceForge, babban shafin sauke manhajoji, kuma ya fara cusa talla cikin manhajojin da ake saukewa a 2013, har masu GIMP, manhajar gyaran hoto, suka tattara nasu suka bar shi, sai a 2016 sababbin masu shafin suka daina. Amma Next, Next, Finish da ido rufe aikin hannunmu ne. In ka ga Custom ko Advanced ka zaɓe shi, ka cire alamar da ke kan duk abin da ba kai ka nema ba. Wanda ke ban haushi shi ne mai sauke Office na sata, a ce masa ya kashe kariyar kwamfutarsa kafin ya girka, kuma ya kashe!

Ina ba da shawarar a riƙe ta, musamman masu kafe da shagunan buga takardu. Sai dai a sauke ta daga malwarebytes.com, a tsallake sakamakon saman Google da aka rubuta wa Sponsored, don 'yan damfara na sayen wannan gurbi su saka jabun manhajoji.