Kiwix: ɗakin karatun da ya rage mana ranar da shabaka ta ɗauke a Gadarif

A watan Disamba na 2023, da yaƙi ya ci Wad Madani, ɗan yayata ya iso gidanmu a Gadarif, a gabashin Sudan, da jaka guda da wayarsa. Ɗalibin jami'a ne, karatun kwamfuta yake yi. Kwana uku bai yi wata doguwar magana da kowa ba. A rana ta huɗu, bayan sallar isha'i, ya matso kusa da ni a kan tabarma ya ce, "Kawu, kawo wayarka in sa maka wani abu." Na miƙa masa. Ya zaro wani ɗan katin memori da ya naɗe a takarda cikin aljihun jakarsa, ya yi ta danne-danne kusan rabin awa, sannan ya kashe data, ya mayar da wayar yanayin jirgin sama, ya ce in nemi duk abin da nake so. Na rubuta "dokar Ohm" da Larabci, domin ni malamin fiziya ne a sakandare. Shafin ya buɗe nan take, da zane da lissafi da komai, alhali babu ko sanda ɗaya ta shabaka, wato sabis na waya, a saman wayar.

Manhajar sunanta Kiwix. Tun daga ranar nake aiki da ita, kuma abin da na gani ne zan faɗa.

Aikinta ba shi da sarƙaƙiya. Ana ɗaukar shafin intanet gaba ɗayansa, kamar Wikipedia, a matse shi cikin fayil guda da ake kira ZIM, sai manhajar ta buɗe maka fayil ɗin a waya ko kwamfuta. Ka sauke sau ɗaya, ya zama naka. Mu mutanen Gadarif mun san matmura, ramin da manomi ke haƙawa ya binne dawarsa bayan girbi, ya rufe, ya bar ta har ranar da kasuwa ta bushe. To, haka na fahimci abin. Wasu mutum biyu, Emmanuel Engelhart da Renaud Gaudin, suka fara ta a 2007, yanzu kuma wata ƙungiya mara neman riba a Suwizalan ke riƙe da ita. Ba a biyan ko fam ɗaya, ba talla a ciki, ba ta tambayar lambar wayarka ko imel. Wannan na ƙarshe ya fi yi mini nauyi fiye da yadda mai zaman lafiya zai zata. A lokacin da ake iya tsayar da mutum a shingen hanya a bincike wayarsa, manhajar da ba ta san sunanka ba, ba ta kuma aika wa kowa abin da ka karanta, rahama ce.

Ban san darajarta sosai ba sai farkon Fabrairu na 2024, da layukan waya duka uku na ƙasar suka ɗauke. Wanda bai zauna a Sudan ba zai ɗauka hira ce kawai ta yanke. Kuɗin mutane ne ya yanke, domin tun da bankuna suka rufe a Khartum kusan kowa da Bankak, manhajar banki ta waya, yake saye da sayarwa. Mai ɗa a Jidda ko Riyad ba ya iya karɓar aike. Uwa ba ta san ko 'yarta da ke Omdurman tana raye ba. A nan gabas wani layi ya dawo bayan kwanaki, yana zuwa yana ɗaukewa, amma a Jazira da Khartum da Darfur an daɗe cikin duhu. Kiwix ba ta warware ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, kada wani ya fahimce ni a baibai. Ba ta kira, ba ta aika saƙo, ba ta kawo labarin yau. Abin da ta yi shi ne, a kwanakin da kowace manhaja a wayata ta zama gawa, ita kaɗai ta ci gaba da buɗewa.

Kuma ba shi ne karo na farko da aka rufe mana ƙofa ba. A Yuni na 2019 an yanke intanet na waya fiye da wata guda, har wani lauya a Khartum ya kai ƙara kotu ya yi nasara, aka buɗe masa layinsa shi kaɗai, sauran jama'a sai a Yuli. Bayan juyin mulkin 25 ga Oktoba na 2021 an sake yankewa fiye da mako uku. Akwai shekarun da ake kashe data na awowi kowace safiya a lokacin jarrabawar shahada ta kammala sakandare, wai don hana satar amsa, dukan ƙasa ta tsaya saboda ɗakin jarrabawa. Kafin duk wannan kuma, takunkumin Amurka na 1997 zuwa 2017 ya sa mun girma muna ganin rubutun nan da ke cewa ba a samun wannan hidima a ƙasarku. Rijiya ta bayar, guga ya hana. Wani lokaci gugan na gida ne, wani lokaci na waje, amma ƙishirwar iri ɗaya ce. Shi ya sa da ɗan yayata ya bayyana mini cewa Kiwix buɗaɗɗiyar manhaja ce, abin da suke cewa maftuh al-masdar a jami'a, ban ji shi kamar zancen masu kwamfuta ba. Ma'anarsa, rubutun da aka gina ta da shi a fili yake, kowa na iya dubawa, kuma lasisinta ya ba ka izinin kwafa ka raba. Ba satar fasaha kake yi ba in ka tura wa maƙwabcinka. Masu ita ne suka ce ka tura.

Makarantarmu a rufe take a lokacin, ajujuwa cike da iyalan da suka gudo, an ɗaura igiyar shanya daga allo zuwa taga. Ɗaliban aji na ƙarshe, waɗanda ya kamata su zauna jarrabawa tun 2023, suna ta yawo a unguwa, wasu sun tafi yankan riɗi, wasu na tuƙa raksha, babur mai ƙafa uku. Na tara goma sha ɗaya a ƙarƙashin rumfar gidana, maza da mata, har da 'ya'yan baƙinmu na Madani. Littafin fiziya guda biyu gare mu, ɗaya ma babu bango.

A nan ne na ga abin da ya fi burge ni. A cikin manhajar ta Android akwai wurin da za ka mayar da wayarka tamkar ƙaramar tasha. Ka kunna hotspot, ka zaɓi fayilolin da kake so ka raba, sai ta ba ka wani adireshi na lambobi. Duk wanda ya haɗu da wayarka ya rubuta lambobin a burauzarsa, ya shiga ɗakin karatun, ko da bai sa Kiwix ba, kuma ba data ake ci ba. Wayoyi huɗu ne a hannun yaran, tsofaffi, ɗaya allonta a tsage. Duka huɗun suka shiga. Wayata takan yi zafi, batirin kuma yana zuba da sauri, don haka sai na jona ta da batirin sola na maƙwabcina kafin mu fara, in ajiye ta a inuwa a kan tulu.

Ban da Wikipedia ta Larabci, katin yana ɗauke da PhET, gwaje-gwajen kimiyya na kan allo da Jami'ar Colorado ta Amurka ke yi, wanda Carl Wieman, mai kyautar Nobel a fiziya, ya kafa a 2002. Akwai su da Larabci. Shekara goma sha huɗu ina zana da'irar lantarki da alli ina cewa yara su ƙaddara ƙwan fitila ya kama. A PhET yarinya ta ja waya da yatsarta, ta haɗa batir da ƙwai, ƙwan ya haska. Ta ƙara turjiya, hasken ya dushe. Wata daga cikinsu, wadda ba ta cika magana ba, ta haɗa gefe biyu na batir kai tsaye, wuta ta tashi a allon, ta ɗago ta ce, "Ustaz, ashe shi ya sa wayar gidanmu ta ƙone." Na tsayar da darasin, muka shafe sauran lokacin a kan wannan tambaya tata kaɗai. Da aka yi jarrabawar da aka ɗage a ƙarshen Disamba na 2024, bakwai daga cikin yaran nan sun zauna.

Akwai kuma fayil na maƙalolin lafiya zalla. Da kwalara ta dawo a daminar 2024, a nan na tabbatar da ma'aunin ruwan gishiri da sukari kafin in faɗa wa matan unguwa: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Na rubuta a kwali na manna a ƙofa. Amma ina gargaɗin duk mai karanta wannan, fayil ba likita ba ne. Mai gudawa da amai a kai shi asibiti, ruwan na hanya ne.

Sai abubuwan da ya kamata mutum ya sani kafin ya ɗora rai. Abin da ke cikin fayil ya tsaya a ranar da aka matse shi, kuma shekara da wata suna rubuce a sunansa. Namu na 2023 ne, don haka duk abin da ya faru bayan nan babu shi, dawar bara ce. Fayilolin kuma suna da nauyi. Wikipedia ta Turanci mai hotuna ta kai giga 100, ta Larabci mai hotuna ta haura giga 10. Akwai marasa hoto, akwai kuma 'yan ƙanana masu gabatarwar kowace maƙala kawai, kuma ga wanda wayarsa ba ta da wuri, mara hoton ya wadatar. Da na so sabunta namu, sai da na je wurin masu sayar da awar Starlink, intanet na tauraron ɗan Adam, na zauna yini biyu. Na kuma yi asara sau ɗaya: na sayi katin memori a kasuwa an rubuta 64 a jikinsa, ashe jabu ne, fayil ɗin ya shiga kamar lafiya, da na zo buɗewa ya ƙi. Ku gwada kati kafin ku biya. Shawarata, unguwa ta samu mutum ɗaya ya sauke, sauran su kwafa daga gare shi, domin manhajar na iya tura fayil daga waya zuwa waya ba tare da shabaka ba. Tsarin karatun makarantun Sudan kuma ba ya ciki, malami ne zai zaɓo abin da ya dace da darasinsa, in ba haka ba yaro ya fara da lantarki ya ƙare a tarihin ƙwallon ƙafa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne fayil ɗin Hausa. Ƙarami ne, bai ɗauki lokaci ba ya sauka. Mu Hausawan Sudan da Hausa muke kwana muke tashi a gida, amma da Larabci muka yi makaranta, yawancinmu ba su iya karanta boko ba. Ni ma a hankali na koya, sai da na saba da ƙ da ɗ da ɓ. Wata rana da yamma na karanta wa ƙanin mahaifina, dattijo mai shekara tamanin da wani abu, maƙalar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Ya yi shiru har na gama, sannan ya ce, "Ɗana, wannan Hausar a cikin wayar take, ko daga Kano ake turo ta?" Na ce, "Baba, a ciki take, ko shabaka babu." Ya ce to in nemo masa mu. Daga nan ya shiga ba ni labarin da na sha ji tun ina yaro, amma ban taɓa ji da kunnen mai rubutu ba: yadda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, yadda ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da jama'a zuwa gabas har suka zauna a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, da yadda kakanninsa shi suka biyo hanyar hajji, suna noma damina a gari su ƙara gaba, har Gadarif ta riƙe su.

Na duba. Mafi yawan abin da ke cikin fayil ɗin na Najeriya ne da Nijar da Gana, garuruwa da 'yan siyasa da 'yan wasa. Abin da ya shafe mu kaɗan ne ƙwarai. Unguwanninmu na Kassala da Damazin da Fot Sudan, masuntanmu na kogi, masu sayar da agashe, wato tsire, da ƙosai, kusan duk ba su nan. Ban ga laifin kowa ba, wanda ya zauna ya rubuta shi ne ya cika rumbun, mu kuwa ba mu rubuta ba. Kiwix karatu kawai ake yi a cikinta, ba a gyara, ba a ƙari. Sai an shiga Wikipedia kanta da intanet a rubuta, sannan in an sake matse fayil, rubutun ya dawo cikin katin.

Ga duk malamin da ke inda wuta da shabaka ba su da tabbas, ko limamin da ke da khalwa, wato makarantar allo, ko ma'aikacin lafiya na ƙauye, ina cewa ya nemi Kiwix tun layi na aiki, kada ya bari sai ya ɗauke. Ɗan yayata ya koma karatunsa, ya bar mini katin. Ni kuma na sayi littafin rubutu mai shafi ɗari, kowace Juma'a bayan la'asar ina zama gaban Baba yana faɗa ina rubutawa da boko. Mun kai inda ayarinsu ya ƙetare Wadai, a ƙasar Cadi ta yau.