Tsohon baƙin mai a cikin kwalta: wanne za a saya, wanne za a bari

Mai injin haɗa kwalta da ke son sake amfani da tsohon titin da aka kankare dole ya nemi abin da zai sassauta kwaltar da ta ƙeƙashe. Abu uku ake tallata masa: ɗanyen baƙin man da aka juye daga mota, da guggubin da ke kwantawa bayan matata ta sake tace wannan man, wanda 'yan kasuwa ke kira REOB, sai kuma man da ake yi daga tsirrai.

Ɗanyen shi ne mafi arha, kuma shi ya kamata a fara cirewa daga lissafi. Duron da ke bayan gareji ba man inji kaɗai ke shiga cikinsa ba. Akwai ruwa, da fetur ko gas ɗin da aka wanke kayan inji da shi, da man birki, wani lokaci har da man taransifoma. Ana haɗa kwalta a zafin digiri 150 zuwa 160, to da zarar ruwan ya ji wannan zafi sai tanki ya yi kumfa ya tumbatsa, fetur ɗin kuma ya tashi ya zama hayaƙin da leburori za su shaƙa. Kwaltar kirki ba ta kama wuta sai ta wuce digiri 230, mai fetur a ciki kuwa tun kafin nan ta kama. Yayyafa shi a kan hanyar burji don kwantar da ƙura ya fi muni, domin ruwan farko zai wanke shi zuwa kwata da rijiyoyi. A garin Times Beach na jihar Missouri a Amurka an yi haka a shekarun 1970 da man da ya gauraya da guba, a 1983 gwamnati ta saye garin aka tashi kowa.

Guggubin matata daban ne. An riga an ƙone ruwan, an janye fetur da man da za a iya mayarwa inji, abin da ya rage baƙi ne mai kauri, ɗauke da ƙarafan da suka fito daga sinadaran man da gogar inji, irin su zin, kalshiyam da jan ƙarfe. Idan suka shiga jikin kwalta sun ɗaure, ba kamar a ƙona man su bi iska ba. Amfaninsa ga muhalli ke nan, kuma na gaskiya ne.

Matsalar tana wajen yawan da aka zuba. Simon Hesp na Jami'ar Queen's a Kanada ya danganta tsattsagewar wasu titunan Ontario da wuri da wannan guggubi, wasu jihohin arewa maso gabashin Amurka kuma suka hana amfani da shi a wajen 2014. Kwaltar takan ci jarrabawa tana sabuwa, amma tana tsufa da sauri ta koma tana karyewa. Can sanyi ne ke tona mata asiri. A ƙasa mai zafi, inda fuskar titi ke iya wuce digiri 60 da rana, illar ta fi fitowa ta wata fuska: kwalta mai lamba 60/70 (lambar da ke nuna taurinta) da aka ƙara wa laushi sai ta lotse a ƙarƙashin tayar tirela, ta yi kwari biyu da ruwa ke kwanciya a ciki. Titin da aka tsara ya yi shekara 15 idan ya mutu a 7, an ninka fasa dutse da jigila da ƙona mai, ribar muhallin ta tafi. Saboda haka a sabuwar kwalta zalla ba ma ganin dalilin sa shi a yankin zafi. Wurinsa shi ne haɗin da ke da tsohon titi a ciki, kuma kada ya wuce kashi 5 cikin 100 na nauyin kwaltar sai gwaji ya yarda. A tan ɗaya na haɗi mai kilo 50 na kwalta, kilo 2.5 ke nan.

Man tsirrai ya fi tsada, ba shi da ƙarafa, kuma kaɗan ke isa. Shi ma in ya yi yawa titi zai lotse.

Kafin a biya kuɗin guggubi, a nemi takardar gwajin kowace tanka, ba ta bara ba, domin abin da aka tara daga gareji-gareji yana canzawa. A duba ko guggubin ya dace da ASTM D8125, wato ma'aunin ingancin da aka tsara masa. A sa a gasa samfurin kwaltar da aka gauraya a digiri 163, kada nauyinta ya ragu da fiye da kashi 1 cikin 100. A yi mata gwajin tsufa na awa 40 maimakon 20, don a nan ne mai yawan guggubi ke faɗuwa. Wanda kuma ke zargin an riga an zuba shi a kwaltar da aka sayar masa, na'urar XRF, mai gano ƙarafan da ke cikin abu, za ta nuna zin da kalshiyam fiye da abin da kwalta zalla ke da shi.