Backgammon a waya: wai kwamfuta tana murɗe mana dayis ne?

Tun wajen ƙaramar sallah nake buga backgammon da kwamfuta a wayata, kuma kusan duk wanda na koya wa wasan a layinmu nan Jekadafari sai ya dawo min da magana ɗaya, wai dayis ɗin maguɗi ne, wai duk lambar da kwamfutar take nema ita ke faɗo mata. Toh ni dai na buga sosai, na gwada ta duk hanyar da zan iya, kuma abin da na gani shi ne manhajar da nake amfani da ita ba ta taɓa dayis, ta dai fi mu iya wasan ne nesa ba kusa ba. Akwai abubuwan da suke ɓata min rai da ita kam, zan zo kansu, amma dayis ba ya ciki.

Ga wanda bai san wasan ba, yayana ne ya koya min, shi a Masar ya yi karatu, can tawla suke ce masa kuma a shagunan shayi ake buga shi. Allo ne mai gida 24, kowa yana da 'ya'ya 15, ana jefa dayis biyu, kai kana zagayawa ta nan abokin wasanka yana zagayawa ta can, wanda ya riga kai 'ya'yansa gida ya fitar da su duka shi ya ci. In ka bar ɗa shi kaɗai a gida ana iya cinye shi ya koma farko, in biyu ne ko fiye gidan ya rufu ba mai sauka. In dayis biyun suka zo iri ɗaya, kamar 4 da 4, sau huɗu za ka tafi maimakon biyu. Wanda ya iya ludo zai kama dokar a zama ɗaya, amma iya wasan kansa wani abu ne daban.

Wanda ya fi kowa zafi a kan maganar maguɗin nan maƙwabcin shagona ne mai gyaran waya, ya girme ni sosai, Oga nake ce masa. Rannan ya rufe gida biyar cikin shida a ɓangarensa, ya cinye wa kwamfuta ɗa, saura gida ɗaya tak da za ta iya shigowa ta nan, yana ta murna, kawai sai ga lambar ta faɗo, ta shigo har ta ci masa ɗa a hanya. Ya ajiye wayar a kan tebur ya ce min, kai yaro, wannan ai ko makaho ya shafa ya san sata ce. Na ce Oga dan Allah ba ni biro. A bayan katin caji na zana masa. Dayis biyu hanyoyin faɗuwarsu 36 ne, shida sau shida. In lamba ɗaya kake nema, a ce 3, hanyoyin da 3 za ta fito a ɗaya daga cikin dayis ɗin 11 ne cikin 36. Wato wajen kashi 31 cikin ɗari, kusan sau ɗaya a duk jifa uku. Abin da yake gani kamar mu'ujiza, in aka maimaita wannan zaman sau uku ana sa ran ya faru sau ɗaya. Ya kalli katin ya ce shi dai bai yarda ba, amma ya saka shi a aljihu.

Kuma wallahi yawancin ƙorafin da nake ji irin wannan ne, mutum bai ƙirga ba, ji kawai yake a jikinsa. Ɗauki maganar barin ɗa shi kaɗai. In ɗanka yana nesa da na abokin wasa da gida 6 kuma babu abin da ya tare hanya, hanyoyi 17 cikin 36 ne za su cinye shi, kusan rabi ke nan, saboda bayan duk jifar da 6 ta fito akwai 5 da 1, akwai 4 da 2, akwai 3 da 3, akwai 2 da 2. Amma in ka matsa shi ya zama gida 7 ne tsakaninku sai abin ya faɗo zuwa 6 cikin 36 kacal. Gida ɗaya fa ka matsa. Kwamfuta ta san wannan a kowane motsi, mu kuma sai mu ajiye ɗa a gida na shida muna cewa ai da nisa, in an cinye mu ce an yi mana sata. Haka maganar tagwayen lamba, su ma 6 ne cikin 36, wato sau ɗaya a jifa shida. Kowa yana fara wasa da tafiyar gida 167 a gabansa in aka haɗa ta 'ya'yansa 15 duka, jifa ɗaya kuma a tsaka-tsaki tana ba da 8 da ɗan ɗoriya, ka ga in aka buga har ƙarshe kowa zai jefa sama da sau 20, to tagwaye uku ko huɗu a wasa ɗaya ba abin mamaki ba ne ga kowane ɓangare. Matsalar ita ce 6 da 6 ɗin da kwamfuta ta jefa ta tsere mana muna riƙe da shi a rai har washegari, namu da muka jefa a farkon wasa lokacin da bai amfane mu da komai ba mun manta da shi tun kafin a tashi.

Amma abin da ya fi ɗaukar hankalina, wanda sai da na daɗe ina kallon yadda take jera 'ya'yanta kafin na gane, shi ne yadda take shirya wa jifar da ba ta zo ba tukuna. Za ka ga ta baza 'ya'ya a gidaje daban-daban kusa da inda take son rufewa, ɗaya nan ɗaya can, ta yadda in 6 da 1 ya zo tana da abin yi, in 4 da 2 ne tana da abin yi, in 3 da 1 ne ma haka. Ni kuma a da sai na tara 'ya'ya biyar shida a gida ɗaya don tsoron kar a ci ni, sai ya zama cikin jifa 36 ɗin nan 'yan kaɗan ne suke min daɗi, sauran duk sai na fasa wani abu. Kamar masunta biyu ne a Dadin Kowa, ɗaya ya baza raga mai faɗi ɗaya ya jefa ƙugiya guda, in mai raga ya fi kamu ba za ka ce ruwa ya yi son kai ba. Sannan in dole ta bar 'ya'ya biyu a fili, tana barinsu ne ta yadda lamba ɗaya kake buƙata ka ci kowannensu, ko kuma lambar da za ka ci ta da ita ita ce dai wadda kake buƙata don shigowa, sai ka ga jifarka ta zo amma ba ta isa aiki biyu ba. Daga waje sai ka rantse sa'a ce take binta kullum.

Kuma ba yau aka fara wannan rigimar ba. A 1979 a Monte Carlo wata manhaja mai suna BKG 9.8 da Hans Berliner ya rubuta ta doke zakaran duniya na lokacin, Luigi Villa ɗan Italiya, da ci 7 da 1, kuma shi Berliner ɗin da kansa ya ce Villa ya fi ta iya wasa, dayis ne ya yi mata kyau a ranar. Wato sa'a tana nan, gajeren wasa kowa na iya ci. Amma daga 1992 da Gerald Tesauro na kamfanin IBM ya fito da TD-Gammon labari ya canja, ita wannan da kanta ta riƙa buga wa kanta wasa, daga baya har sama da miliyan ɗaya, har ta kai ƙwararrun duniya suka canja yadda suke buɗe wasa da 4 da 1 ko 5 da 1 saboda abin da suka gani a wajenta. To manhajar da ta gaji irin wannan ilimin me za ta yi da satar dayis a kan ni da Oga?

Gwajin da ya kashe maganar a wajena mai sauƙi ne. Manhajar tana da wajen da za ka zaɓi ka riƙa shigar da dayis da hannunka. Muka aro dayis ɗin ludo guda biyu a gidan su wani yaro, muka samu gwangwanin madara, Oga ne yake kaɗawa ya kifa a kan benci, jifarmu da jifar kwamfuta duk shi ke yi, ni kuma ina danna lambar da ta fito. Ba ta da hannu a ciki ko kaɗan. Muka yi ta yi bayan la'asar in kasuwa ta yi sanyi, kuma haka ta ci gaba da cin mu kamar yadda ta saba, muna samun ɗaya nan ɗaya can ita tana kwashe mafi yawa. Har akwai lokacin da shi da hannunsa ya kifa mata 5 da 5 daidai lokacin da take neman guduwa, ya ɗaga gwangwanin ya leƙa ciki, duk muka yi ta dariya har mai shayi.

Daga baya na saka wata manhajar mai suna GNU Backgammon a laftof ɗin yayana, kyauta ce kuma duk rubutun da aka gina ta da shi a buɗe yake kowa na iya dubawa. Dayis ɗinta daga wani tsarin lissafi yake fitowa mai suna Mersenne Twister da wasu Japanawa biyu suka ƙirƙiro a 1997, in ba ka so kana iya canjawa ta ɗauko daga shafin random.org ko ka shigar da naka. Abin da ya burge ni, kana iya ba ta lambar somawa ɗaya, wato lambar da lissafin dayis ɗin yake farawa daga kanta, ka buga wasa, ka sake ba ta wannan lambar ka buga da wasu motsin daban, jerin dayis ɗin zai zo iri ɗaya sak, ka ga ke nan ba allon take kallo ta zaɓo lamba ba. Sannan bayan wasa tana warware maka komai, ga inda sa'a ta taimaki wane, ga inda wane ya yi motsi mara kyau da abin da ya jawo masa. Akwai wasannin da ta nuna ni na fi ta sa'a ma amma na sha kashi, wannan shafin shi ya fi komai koya min wasan.

Yanzu abin da ba na so a ta wayar. Talla ta yi yawa, kana gama wasa sai bidiyo ya buɗe da ƙara, ga cin data ga cin caji, mu da wuta ba kullum ba wannan ba ƙaramin abu ba ne, ni yanzu kashe data nake yi kafin na buɗe ta. Wajen shigar da dayis da hannu kuma an ɓoye shi can cikin saiti, alhali shi ya kamata ya zama a gaba tunda shi ne amsar zargin da kowa ke yi. Matakin masu koyo ma bai yi min ba, dayis dai ɗaya ne amma sai ta riƙa yin wauta da gangan, ta bar 'ya'ya a fili ba dalili, mutum ya yi ta ci yana ganin ya iya, ranar da ya hau mataki na sama ya sha duka sai ya ce an canja masa dayis. Ina ganin rabin zargin daga nan yake tasowa.

Sai ɓangaren da ake sayen tsabar wasa da kuɗi a zuba a buga da mutane ta intanet, wannan ban taɓa shi ba kuma ba na ba kowa shawara, caca ce aka canja wa riga. Duk manhajar da na ga tana tura ni sayen tsaba kuma ba ta yarda na shigar da dayis ɗina ba, goge ta nake yi, abin da na faɗa a sama a kan wadda na gwada ne. Kuma kar a ce ban faɗa ba, malamai suna da magana a kan wasan dayis, akwai hadisin nardi, wato irin wannan wasan na dayis, a Sahihu Muslim da Muwaɗɗa Malik, da yawa sun hana ko babu kuɗi a ciki, to kowa ya tambayi malaminsa kafin ya sauke.

In taurari zan ba ta, huɗu cikin biyar, ɗayan talla ce ta cinye. Wanda zai gwada ƙarfinsa da ita kar ya yanke hukunci da wasa ɗaya, ya saita a buga zuwa maki 7 ko 11, kuma ya kunna dayis ɗin ninki, wannan babban mai 2, 4, 8 har 64 da aka ƙara wa wasan a Amurka a shekarun 1920, wanda ba jefa shi ake yi ba, miƙa wa abokin wasa ake yi a ce ko ka karɓa maki ya ninka ko ka sallama. A nan ne yanzu take fin cutar da ni, ta san daidai lokacin da za ta miƙo shi, kuma ƙa'idar da nake ta ƙoƙarin riƙewa ita ce in damar cinka ta kai kashi 25 cikin ɗari ka karɓa, in ba ta kai ba ka sallama maki ɗaya a sake sabon zubi.